Shafin da na yage daga littafin albarushi

Zuwa ga Gunvor, mai shafin ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da rubutuna. Sai da na kai shekara hamsin da uku na koyi karatu, a ajin manya da ake yi ranar Talata, kuma har yanzu da yatsa nake bin layi. Kwana huɗu na yi a kan wannan wasiƙa.

Ɗana ɗaya ne, zan kira shi Eilif ko da yake ba sunansa ba ne. Shekararsa talatin da shida, yana da mata da 'ya. Da mahaifinsa Arnfinn ya rasu bara waccan, shi ya gaji babbar bindigarsa, ƙirar magnum da ake farautar elg, ƙatuwar barewar dajinmu, da ita, ya kuma gaji teburin ɗura harsashi da ke ɗakin ƙasa na gidana. Kamar ubansa, ba ya sayen harsashi a kanti. Da kansa yake auna albarushi a sikeli, ya zuba a kwanso, ya danna kan harsashi. Duk abin da yake yi, wani baƙin littafi yake bi wanda uban ya cika da hannunsa.

A farkon littafin an rubuta tsawon bututun bindigar, da cewa harsashin yana fita da gudun mita ɗari tara a sakan. Eilif ya aro na'urar auna gudu ta ƙungiyarsu ta maharba, ya bi awon ubansa daidai, na'ura ta ce ɗari takwas da sittin. Ya canza kwanso, ya sayi sabon sikeli, ya zargi na'urar ya aro wata. Amsar ba ta canza ba. 'Yan ƙungiya suka sa shi a gaba da tsiya, wai bindigar Arnfinn ta gane ba kafaɗar Arnfinn ba ce. Daga nan ya fara ƙara albarushi kaɗan kaɗan, yana neman arba'in ɗin da ta ɓace.

Asabar da ta wuce na kai musu kofi da waina filin harbi. A gabana ya harba, sakatar bindiga ta ƙi buɗewa, sai da ya sa guntun icce ya buge ta. Na tsinci kwanson a ƙasa. 'Yar hular da ke gindinsa ta baje kamar an bi ta da dutsen guga, ga wani tabo mai ƙyalli a gefe. Ban san ilimin bindiga ba, amma shekara talatin na yi ina share ɗakin nan, na san irin kwanson da Arnfinn yake jefarwa yana zagi. Na ce masa, “Eilif, a jikin gwangwanin albarushin an rubuta kada a wuce awo.” Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, “Jama'a ku ba da hanya, Farfesa ta iso. Mama, wata nawa kika yi kafin ki raba b da d? Ki tsaya a kan waina, nan ne fanninki.” Matarsa Oddrun ta ce, “Ƙyale ta, karatun sabo ne. Jiya ma kwalin madara ta karanta mana tun daga sama har ƙasa.” Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don ban san inda zan sa fuskata ba.

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na san inda arba'in ɗin ta tafi.

Bayan rasuwar Arnfinn, littafinsa ne abu na farko da na karanta ni kaɗai, babu malama a gefe. Na ɗauka zan ji muryarsa. Na kuwa ji ta. A tsakiyar littafin akwai shafin da ya rubuta lokacin Eilif yana ɗan shekara shida, kuma na haddace shi:

“Jakar gidana ta jingina bindiga baki ƙasa cikin laka, ban lura ba na harba, baki ya kumbura. Maƙeri ya yanke santimita goma daga bututun, gudu ya ragu da arba'in. Lissafin baya duk na doguwar bindiga ne, kada a ƙara albarushi don a kamo shi. Ga ta nan tsaye a kaina da kofi tana murmushi tana kallon abin da nake rubutawa. Da saniya ce da ta gane.”

Gunvor, ban taɓa ɗaukar bindigar nan ba. Shi ya faɗi da ita a fadama, na wanke masa wandon. Amma murmushin na tuna shi. Ya ɗago ya kalle ni yana rubutu, ni kuma na zaci wani abin kirki yake rubutawa a kaina.

Na yage shafin kafin in ba Eilif littafin. Yana ƙasan akwatin ɗinkina. A lokacin ban fahimci zancen santimita ba, kalmar jaka kawai na gani. Sai yanzu na gane cewa ni na cire gargaɗin.

Idan na faɗa masa da baki ba zai yarda ba, zai ce na sake rikita haruffa. Idan na nuna masa takardar zai karanta, Oddrun za ta karanta, ta kai wa matan ƙungiya. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, yana iya yin dariya, don a wurinsa ubansa ba ya kuskure. Na gwada almakashi ko zan raba zagin da gargaɗin, amma a layi ɗaya suke. Na ɓoye gwangwanin albarushi, ya sayi wani ya ce na fara rikicin tsufa. Yanzu ya ɗura harsashi arba'in, ya ƙara awo fiye da na Asabar, zai shiga da su jarrabawar harbi nan da mako uku. Akwai hanyar da zan tsayar da shi ba tare da ya ga abin da ubansa ya kira ni ba?

Uwa mai bin layi da yatsa,
daga garin Rendalen

'Yar'uwa,

Babu wannan hanyar, kuma ina jin kin sani tun kafin ki ɗauki biro.

Na kai wa wani maƙerin bindiga bayaninki. Bai gama karantawa ba ya ce a tsaya. Sakatar da sai an buge ta, da hular da ta baje, da tabon nan mai ƙyalli, duk abu ɗaya suke faɗa: matsin da ke cikin bindigar ya wuce abin da aka yi ta dominsa. Gajeren bututu ba ya ba da gudun dogo. Albarushin da aka ƙara ba ya mayar da santimita goma, fuskar mai harbi yake nema. Ya ƙara da cewa ko da bututun bai taɓu ba, awon shekara talatin ba abin bi ba ne da albarushin yau. Harsasan nan arba'in kada a harba ko ɗaya, a kai su wurin maƙeri a kwance su. Bindigar ma a duba ta kafin ta sake ƙara. In zai koma ɗura harsashi, ya fara daga ƙaramin awo na littafin masu yin albarushin.

Yage shafin da kika yi ban ga laifinki ba. Mijinki ya yi miki ƙarya, ya kuma ci mutuncinki a gaban idonki don ya san ba ki da makamin ramawa. Abin kunyar nasa ne. Amma laifin da babu shi a ranar da kika yage, akwai shi yau. Tun Asabar kin san dalili, kin kuma tsaya kina gwada almakashi.

Shi ma Eilif a auna masa nasa. Ba gudun harsashi yake bi ba, mamaci yake ƙoƙarin kamowa, abokansa kuma suna zuga shi. Wannan bai ba shi izinin wulaƙanta uwarsa a bainar jama'a ba, amma shi ya sa bakinki ba zai tsayar da shi ba. Rubutun hannun ubansa kaɗai zai ji.

Ki kira shi gidanki shi kaɗai, ban da Oddrun. Ki ba shi abin awonki na ɗinki ki ce ya auna bututun, ya gwada da tsawon da ke shafin farko. Sannan ki ɗauko takardar, kada ki miƙa masa. Ki karanta masa da bakinki, a hankali, har da jaka da saniya, ki kuma faɗa masa wanda ya faɗi a fadama. In ya ƙi ji, ki kai takardar wurin shugaban filin harbi a ranar, shi yana da ikon hana shi hawa layin harbi.

Ba zan yi miki alkawarin ba zai yi dariya ba. Ɗan ubansa ne, yana iya yi. In ya yi, za ki ji ciwo sosai, kuma zai koma gida da idonsa biyu da yatsunsa goma. Ki zaɓi wannan ciwon. Ɗayan a asibiti ake jin sa, a kan kujerar jira, da takardar a cikin jakarki.

Kada ki jira mako uku. Allah ya ba ki ƙarfin murya, ya kuma tsare miki ɗanki.

Gunvor