Motar Asibiti a Bakin Kasuwa

Daga Garwa.

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Kano?

Sai haƙuri, Yaya, Baba ya rasu ranar Litinin. Ciwon ƙirjin nan ne ya taso masa da hantsi, na kai shi bakin kasuwa, muka shiga motar kamfanin da ke bi ta asibiti. Saura mutum biyu a tashi. Na roƙi direba, ya ce in ya fita da kujera babu kowa, mai kamfani korarsa zai yi. A kafaɗata rai ya yi halinsa. Muna sauke shi na ji ana kira: "Asibiti, saura mutum huɗu."

Ka gaida yara. Ka sa Baba a addu'a, ka haɗa da ni, don har yau na kasa bi ta bakin kasuwa.

Ƙaninka,
Bello