Delu a ƙarƙashin rumbun Gwaggo

Asabar, bayan sallar isha'i

Alhamdu lillahi, kyanwata Delu tana nan da ranta. Yau dai zan yi barci.

Tun da aka ce mini mutanen Kademi sun zuba maganin ɓera a rumbunansu bayan girbi, kyanwoyi suna ta mutuwa, hankalina bai kwanta ba. Haka uwarta ta tafi: ta ci ɓeran da ya ci guba, ta cika a ƙarƙashin gadona ina shafa ta. Ita kuwa Delu, da hannuna na sa ta a buhu na kai wa Gwaggo Hajara a can Kademi, saboda asmar 'yata Ummi. Har yau ina jin kukanta a buhun nan.

Da safe na hau acaɓa daga Gaya. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Gwaggo, ina Delu?"

Ta harare ni. "Ciwon ƙafata ba ki tambaya ba, sai kyanwa? Guba kuma a gidan nan? Na gaya wa kawunki, in ya shigo da ita a tuwonsa zan zuba. Leƙa ƙarƙashin rumbu."

Ga ta can kwance, ta yi ɓul-ɓul, 'ya'ya suna tsotso. Na tsuguna ina kiran ta yadda na saba. Ta dube ni kamar baƙuwa. Gwaggo gyaran murya kawai ta yi, sai Delu ta taso tana goga kai a ƙafar nan mai ciwo.

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, har na ɗan yi ƙwalla a hanya. Amma gara ta manta da ni tana ƙoshe, da a ce yau ramin da aka binne ta na je na gani.