Mai Naƙudar Da Aka Bari A Benci

Zuwa ga Shugaban Sashen Lafiya na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Na gaishe ka don haka aka tarbiyyantar da ni, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Sunana Buba, tsohon malamin dabbobi, ina zaune Dundaye. Ɗan ruga ne ni, boko ya kawo ni gari. Dangina suna sauka bayan Dundaye in an yi girbi, su tashi in damina ta faɗi. Ni na yi ta yi musu naci har suka yarda matansu su riƙa haihuwa a asibitinku. Yau kunyar wannan nacin nake ji.

Wata Talata kafin azumin bana, da hantsi, ƙanwata Adama ta kawo ɗiyarta ta fari, Dije, asibitin a keke mai ƙafa uku, naƙuda ta kwana tana cin ta. Ga abin da ma'aikatanka suka yi.

Na ɗaya. Mai yankan kati ta tambayi Adama sunan mara lafiya, Adama ta sunkuyar da kai. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ko da wuƙa aka ɗora mata a wuya. Wannan ko Bahaushe ya san shi, ƙila kakar mai katin ma haka take. Dije tana zaune a benci, taku goma ba su kai ba, amma tashi a tambaye ta ya gagara. Sai dariya mai katin ta yi, wai 'yan daji har sunan 'ya'yansu mancewa suke, in ta tuno ta dawo.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Ungozoma ta leƙo, ta ga Dije ba kuka ba ihu, ta ga uwar ta koma gefe ta juya mata baya, sai ta yanke cewa da saura. A ruga, macen da ta yi raki wurin haihuwa, da abin za a riƙa yi mata gori har ta tsufa. Uwa kuma ba ta nuna damuwa da ɗan fari gaban mutane, ko zuciyarta na tafasa. Shirun da kuka ɗauka sauƙi, shi ne iyakar azaba. Babu wadda ta ɗora hannu kan cikin nan. Duk wadda ta zo tana kururuwa aka shige da ita, ita kuwa aka bar ta tana cizon bakin zane.

Na uku. Duk asibitin babu mutum ɗaya mai jin Fulatanci, a garin Sakkwato, abin kunya. Sai da la'asar labari ya same ni a unguwar Arkilla. Da na iso, jini na gani ƙarƙashin bencin. A lokacin ne aka fara guje-guje. Jaririn namiji ne, bai zo da rai ba. Dije ta tsira da ƙyar.

Na yarda da ƙaddara, ranka ya daɗe, amma kada wani ya laɓe bayanta. Da nake aiki, ba mu taɓa shiga ruga da allura ba sai mun gai da Arɗo, mun zauna, mun sha nono. Ba mu tambayar mutum shanunsa nawa, don mun san ba a faɗi. Gwamnatin nan ce ta koya mana haka saboda shanu. Ashe saniya ta fi matar mai saniya daraja a wurinku.

Ga buƙatata. A binciki waɗannan ma'aikata biyu a gabana, ba a bayan ƙofa ba. A sa mai jin Fulatanci wurin karɓar masu ciki. A kafa doka cewa duk mai naƙuda sai an duba ta da hannu, ta yi kuka ko ba ta yi ba. Sannan ka taka da ƙafarka ka je rugar ka ba da haƙuri. Kada ka aiko takarda, ba mai karanta ta.

Ka yi sauri. Arɗo ya ce babu macen da za ta sake taka asibitinku, ga kuma Hansai, matar ɗan'uwan Dije, cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura suntum. Na san abin da wannan kumburin ke nufi. Jiya na je rugar in yi magana, Adama ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono. Na sha, na tashi. Ni bakina ya mutu a can, saura naka.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya tsare iyalinka daga irin wannan wuni.

Wassalam.

Buba, Dundaye, Sakkwato.