Wai In Durƙusa Don Na Sa Hannu a Takardar Tiyata

Assalamu alaikum Anti Sadiyatu. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a mai zuwa, don idan na kai ranar da irin zuciyar da nake ciki yanzu, wallahi abin da zai fito daga bakina ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙata, kwana talatin da biyar ke nan ina haɗiye wagga magana.

Shekaruna ashirin da bakwai, ina aure a Runjin Sambo. Maigidana, bari in kira shi Hayatu, fataken shanu ne shi da duk gidansu, tun kakanni. Muna da ɗiya ɗaya, Khaula, wadda na haifa a ɗakina lafiya lau ba tare da ko maƙwabta sun ji ba. Na faɗi haka ne don ki san ni ba ragguwa ba ce, tun da sunan da aka laƙaba mini ke nan yanzu.

Wannan cikin na biyu tun a wurin awo aka ce mini kwanciyar yaron ba daidai take ba, in tabbatar na haihu a asibiti. Na gaya wa Hayatu, ya ce Allah ya sauwaƙe, ya ci gaba da cin tuwonsa. Ranar da naƙuda ta taso, da safe ne bayan na kai Khaula islamiyya, shi kuwa tun asuba ya tafi kasuwar Illela. Uwar mijina, Inna Dije, da yayansa Siddiƙu su suka sa ni a keke napep zuwa asibiti.

Anti, ban taɓa sanin akwai ciwo irin wannan ba. Na Khaula yakan zo ya tafi, wannan kuwa ya zo ya zauna. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya faya ta fashe, sai nas ɗin da ke duba ni ta yi salati ta fita da sauri. Likita ya zo ya ce yaron a gicciye yake, har hannunsa ya fara leƙowa, babu wata hanya sai tiyata, kuma yanzu-yanzu. Aka kawo takardar da ake sa hannu, aka fita da ita baranda ana tambayar ina mijina. Ni da ke kwance, ni da za a tsaga, ko kallona ba a yi da takardar ba.

Siddiƙu ya ce shi ba ya sa hannu a kan matar wani. Inna ta ce a gidansu ba a yanka mata, akwai wata tsohuwar ungozoma a Dundaye da ke juya yaro da man shanu da tafin hannu, a sallame ni kawai su kai ni. Ta fito da rubutu a cikin gora ta ce in sha. Na sha, wallahi na sha, don ni ɗiyar malamai ce, ban raina ayar Allah ba. Amma rubutu bai hana a yi abin da likita ya ce ba, ita ce ta hana.

Aka kira Hayatu. Sau shida kafin ya ɗaga. Nas ta kara mini wayar a kunne, ina jin kukan shanu da hayaniyar dillalai a bayansa. Ina kuka ina ce masa zan mutu, ina roƙonsa ya ce a yi mini aikin. Kin san abin da ya ce? Wai in yi haƙuri in daure, ana cikin loda shanu a mota, da an gama zai taso, kafin nan duk abin da Inna ta ce shi ke nan. Ana loda shanu! Shekara shida ina wanke masa rigunan da ke warin turke, ina tashi tun kafin kiran salla in dama masa kunu, ashe idan aka jera ni da bijimai ashirin, sai an gama da su za a waiwaye ni.

Awa uku na yi a haka. Ina jin azahar aka kira. Likita ya shigo ya fita ya fi sau huɗu, yana cewa bugun zuciyar yaron yana raguwa. Matar da ke gadon kusa da ni ta haihu, an yi mata barka, an kawo mata shayi, ni ina nan ina cizon zane. Ta taga ina hango Siddiƙu zaune kan benci yana ɓare gyaɗa.

Sai wata dattijuwar nas, Allah ya saka mata da Aljanna, ta sunkuyo ta tambaye ni shekaruna, ta tambaye ni ko ina cikin hankalina, ko na fahimci abin da likita ya faɗa. Na ce ƙwarai. Ta ce to jikina ne, ina da ikon sa hannu da kaina. Anti, ban taɓa sanin haka ba, kuma awa uku babu wanda ya gaya mini. Hannuna na dama akwai ƙarin ruwa, da hagu na kama biro na rubuta sunana a karkace. Da ake tura ni ɗakin tiyata Siddiƙu ya tare hanya yana cewa wa ya ba ni izini. A nan ne na ce masa ni ba saniyar gidansu ba ce da sai ya duba haƙorana zai yanke shawara, kuma na ce wa Inna idan na mutu ita ta kashe ni. Na faɗa, ba zan ɓoye miki ba, kuma mutane da yawa sun ji.

An ciro yaron bai yi kuka ba sai da aka yi ta fama da shi. Kwana uku ya yi a kwalba. Yanzu ga shi nan a cinyata yana shan nono kamar ba shi ba, sunansa Abdulshakur. Hayatu bai iso ba sai bayan la'asar, lokacin har an gama ɗinke ni.

To ni a zatona za a ce alhamdu lillahi a rufe magana. Ina! Kin san al'ada, kwana huɗu da haihuwa ake yi wa mai jego ƙauri, a dafa ƙafafun sa da yaji a rarraba wa dangi. A gidan da ƙafar sa ba ta yankewa, gidan da lokacin Khaula sai da aka cika tukunya biyu, Inna ta ce ba za a yi mini ba. Wai ƙauri na wadda ta haihu ne, ni kuwa ban haihu ba, ciro mini aka yi. Ranar suna a gaban mata ta maimaita, har da ƙarin cewa matan yanzu da sun ji ɗan ciwo sai su miƙa ciki a yanka. Awa bakwai ina naƙuda! Na tashi a wurin da ƙyar ina dafe da ɗinki, washegari na sa aka kai ni gidanmu a Gidan Dahala, kuma tun ranar ina nan.

Don kada ki ce na ɓoye wani abu: Inna tana da ɗiya, Ashatu, da ta rasu wajen tiyatar haihuwa shekara goma sha biyu da suka wuce, ita da abin cikin. Ban san ta ba, hotonta kawai na sani a ɗakin Inna. Na san da ciwo. Amma don tata ta mutu a ciki sai ni in mutu a waje?

Hayatu yana zuwa duba mu, ya kawo balangu a takarda ya ajiye kamar mai sata, ya ɗauki yaron ya yi ta kallonsa, ba ya iya haɗa ido da ni. Shekaranjiya ya zo da saƙo. Wai Juma'a nake arba'in, kuma kafin in koma ɗakina sai na je na durƙusa gaban Inna da Siddiƙu na ce na yi kuskure da na sa hannu ba da izinin miji ba. Idan ban yi ba, wai in ci gaba da zama inda nake. Mahaifina ya ce ban yi zunubi ba ko kaɗan, amma in yi haƙuri in je don a zauna lafiya. Kowa haƙuri, haƙuri. Mi na yi? Ni dai zuciyata cewa take in ce ya ba ni takardata in huta, sai in tuna Khaula tana hannunsu, kuma, abin haushin, har yanzu ina son mutumin nan. In je in durƙusa, ko in tsaya a kan bakana ko da auren zai mutu?

Taki,
Mai jego, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Na fara da wannan ne don na lura a duk wasiƙarki babu inda wani ya ce miki shi da zuciya ɗaya. Kin haihu. Wadda ta yi awa bakwai tana naƙuda sannan aka tsaga ta, ta haihu har ta yi ƙari, kuma duk mai cewa ba haka ba ya san ba gaskiya yake faɗa ba.

Amsar tambayarki a taƙaice: kada ki ce kin yi kuskure a kan sa hannun nan. Ba kuskure ba ne, kuma idan kika furta haka kin ɗaure kanki. Macen da aka yi wa tiyata sau ɗaya, haihuwarta ta gaba ma a asibiti za ta kasance, wataƙila a sake kawo wannan takardar. Ranar za a tuna miki cewa da bakinki kika amsa laifi.

Sai dai akwai abin da za ki ba da haƙuri a kansa, kuma ke ma kin san shi, shi ya sa kika rubuta. Kin ce wa tsohuwar da ta binne ɗiyarta ita za ta kashe ki. Ciwo ne ya sa, na sani, amma kalmar ta shiga inda ba ta fita da sauƙi. Inna Dije ta taɓa tsayawa a irin wannan barandar aka tura Ashatu ta wuce ta gabanta, ba ta dawo ba. Tsoro ne ya sa ta tare ki, ba ƙiyayya ba. Tsoron ya kusa kashe ki, kuma bai ba ta damar hana ki ƙauri ko wulaƙanta ki a gaban mata ba. Ina kyautata zaton abin da ke cinta yanzu shi ne duk lokacin da ta kalli jikan nan tana ganin abin da ya kusa faruwa ta dalilinta, kuma ya fi mata sauƙi ta ce ke ce mai laifi. Ki je ki gaishe ta yadda kika saba gaishe ta, ki ɗora mata yaron a cinya, ki nemi gafarar wannan kalma guda. Siddiƙu kuwa gaisuwa ta ishe shi.

Babbar maganarki da Hayatu take. Shi aka gaya wa tun a wurin awo, shi ya ji kukanki a waya ya tsaya lodi. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da ke ya san abin da ya yi, kunya ce ta sa ya laɓe bayan uwarsa. Ki roƙi mahaifinki ya kira shi shi kaɗai, ba tare da yayansa ba, ya faɗa masa a fili abin da ya faɗa miki a ɓoye, cewa ceton rai ba ya jiran izinin kowa. Mahaifin naki ya daina ba ke kaɗai haƙuri, ya raba shi biyu. Sannan ranar da za ki koma asibiti a duba ɗinkinki, ki tafi da Hayatu, likita ya bayyana masa da bakinsa abin da awa ɗaya a kan waɗancan ukun za ta jawo, da tsawon hutun da jikinki ke bukata kafin wani cikin. Kada ki koma ɗakinki sai ya amince a gaban mahaifinki cewa ko yana gari ko ba ya gari, idan likita ya ce a yi, za a yi.

Maganar takardar saki, ki ajiye ta. Ba a yanke irin wannan hukunci da ɗanyen ɗinki da ƙarancin barci, balle ke da kanki kin ce kina sonsa, ga kuma Khaula. Juma'a ma ba wahayi ba ce. Idan arba'in ta zama hamsin kafin a daidaita, babu abin da zai lalace.

Idan kuma bayan duk wannan ya dage sai kin ce kin yi kuskure, kada ki ɗaga murya. Ki miƙa masa Abdulshakur ya riƙe shi da hannu biyu, ki ce ya dube shi da kyau ya nuna miki kuskuren.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki yaran nan, ya sanyaya zuciyarki da ta Inna Dije, ya jiƙan Ashatu.

Anti Sadiyatu