Alhaji, Ka Juya Allon Malam Habu Kafin a Sa Shi a Gilashi

Zuwa ga Alhaji Nasiru, shugaban kwamitin gasar besbol ta yaranmu na nan Dubai, da sauran 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya kasuwa, ya kuma ɗawainiya da jama'a? Allah ya ba da lada. Ni ce Hajara, wadda aka fi sani da Maman Sadiƙ, ma'aikaciyar jinya, mazauniyar unguwar Al Karama. Ɗana yana cikin yaran da aka fara wannan wasa da su.

Ranka ya daɗe, ba ɗabi'ata ba ce in yi wa babba magana a bainar jama'a, kuma kai shaida ne sau biyu ina binka ta bayan gida. Na fara kiran Hajiya a waya, ta ce za ta gaya maka. Da na ji shiru, na tashi daga aiki ko kayan asibiti ban cire ba, na zo shagonka a Al Buteen. Na zauna har ka sallami baƙi, aka kawo mini shayi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ka saurare ni tsaf, sannan ka ce: "Hajara, ai shi da bakinsa ya faɗa. Khalas, magana ta ƙare." Wallahi tun ranar maganar nan take ci mini rai. Ranar Alhamis za a kai littafin tarihin gasar wajen bugawa, ranar Asabar za a yi bikin rufe kakar bana a raba shi, ranar Lahadi kuma jirgin Malam Habu zai tashi zuwa Kano, tafiyar da babu dawowa. Lokacin lallaɓa ya ƙare mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

1. Abin da kuka rubuta

Sakataren kwamiti, Injiniya Kamal, ya turo mana samfurin littafin a zauren iyaye na waya domin mu sa albarka. A shafin farko ga hotonka, a ƙarƙashinsa an ce kai ne ka kafa gasar. Na yi ta buɗa shafi ina neman Malam Habu. Sai a can ƙarshe na gan shi, cikin jerin waɗanda ake yi wa godiya saboda ɗaukar ruwa da kaya zuwa fili. Layi ɗaya, ko sunan mahaifinsa ba a sa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

2. Yadda abin ya faro

Ga 'yan uwa na gida da wasiƙar nan za ta iya kaiwa gare su, besbol wasa ne da ɗaya zai jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da kulki, ya ruga ya zagaye tashoshi uku ya dawo kan allon da ya taso kafin a riga shi. Babu wanda ya san shi a cikinmu. Malam Habu ma a wajen aiki ya koya, a hannun wani ɗan Filifin da suke ɗaurin kaya tare a kasuwar Murshid Bazaar. Aikinsa ke nan tun zuwansa ƙasar nan: ɗaure kwali, naɗe shi da salatif, rubuta sunan mai kaya, loda kago.

A lokacin yaranmu ba su da wajen zuwa. Daga makaranta sai bene, daga bene sai makaranta. Yaran Indiya da na Pakistan suna da nasu wasan ƙwallo da kulki, kurket, a bayan gine-gine, namu sai dai su tsaya gefe su yi kallo. Sadiƙ ɗina ya zama kamar kazar da aka kulle a akurki, ba ya ko son gaida mutane, kullum ido a kan waya. Ni aikin kwana nake yi mako bayan mako, mahaifinsa kuma yana Zariya. Na yi kuka a kan yaron nan ba sau ɗaya ba.

Wata Juma'a, lokacin nan Juma'a ce ranar hutu, bayan sallar asuba Malam Habu ya bi ƙofa ƙofa a bene namu yana sallama, yana roƙon a ba shi aron yara zuwa hantsi. Ni da kaina na tsare shi a bakin ƙofa na yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda, don ban san shi ba sai a hanyar masallaci. Bai ji haushi ba. Ya ce in biyo su in gani da idona. Na yafa mayafi na bi su. Wani fegi ne na rairayi da ake ajiye motoci a bayan ginin. Ya shimfiɗa kwalaye uku ya danne su da duwatsu. Ƙwallon ma tsumma ne da ya dunƙule ya naɗe da salatif ɗin aiki, kulkin kuwa ƙotar tsintsiyar goge ƙasa. Allon da mai duka yake tsayawa shi kaɗai ne na katako, don ya ce wannan ba a yin sa da kwali, ƙafa za ta cinye shi. Yara bakwai ne a ranar. Na ƙirga su, kuma Mubarak ɗinka yana ciki, Alhaji. Direbanka ne ya kawo shi.

Haka aka yi ta yi duk Juma'a idan lokacin zafi ya wuce. Mai gadin fegin ya kore su, suka koma wani. Aka kafa gini a wancan, suka sake ƙaura. Ranar da ƙwallo ta fasa madubin motar wani Balarabe, Malam Habu ne ya tsaya ya sha zagi, yara suna ɓoye a bayansa, bai ce ɗan wane ne ya buga ba har yau. Ni na san ko wane ne, kuma kai ma idan ka tambayi Mubarak zai gaya maka. Daga yara bakwai aka raba ƙungiya biyu, 'yan Karama da 'yan unguwar Deira. Yaran Sudan suka shigo, na Ghana da na Nijar suka biyo baya, har iyayen 'yan mata suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Kalmar yalla ma, wato maza a tafi da Larabci, a bakinsa yaran nan suka fi jin ta, yana tsaye a tasha ta uku yana kaɗa hannu kamar mai ba motoci hannu a titi. Sadiƙ da ba ya iya ɗaga ido ya kalli mutum, shi ne yau yake horar da ƙanana yana jami'a. Ba ni na gyara shi ba.

3. Abin da kai ka yi

Ba zan ci haƙƙinka ba, don Allah zai tambaye ni. Da abin ya girma, hukuma ta ce sai da izini da fili na ƙa'ida, kai ka yi ta zirga-zirga a ofisoshi har aka samu. Takardun Malam Habu na ɗan ƙwadago ne, ba za su iya ɗaukar wannan ba, shi ya sa sunanka ya hau kan takarda. Kai ka ɗinka wa yara riguna, kai ka kawo ƙwallaye da kulake na gaske. Duk wannan a rubuta shi, a ƙara da addu'a. Amma ka zo ne ka tarar ana wasa.

4. Inda kuskuren ya shigo

Nan ne ni ma nake da laifi, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar da Injiniya Kamal ya je ɗaukar bayani a bakin Malam Habu, ina wajen, a gefen fili, ina raba wa yara lemo. Ya kunna wayarsa ya tambaye shi wane ne ya fara wannan gasa. Malam Habu ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce: "Ni me na yi? Ai Alhaji ne ya yi komai. Ni ɗan ɗauko kwali ne da ruwa." Kamal ya gode masa, ya kashe waya. Ni kuwa dariya na yi, don na ɗauka ya gane.

Ban ga laifin Kamal sosai ba. A nan aka haife shi, a nan ya yi karatu, abin da aka gaya masa shi ya rubuta. Bai san cewa a wajenmu idan ka sa wa baƙo abinci ya ce ya ƙoshi, ba ka ɗauke kwano ba. Bai san cewa mutumin kirki ba ya cewa ni na yi, musamman a gaban wanda ya fi shi hali, sai ya tura yabon ga wani, shi kuma wancan ya dawo masa da shi. Kara ke nan, kuma mutum biyu ne suke yin ta. Malam Habu ya yi tasa.

Amma kai, ranka ya daɗe, a Kano aka yanke maka cibiya. Ka san abin da ake nufi idan talaka ya ce Alhaji ne ya yi komai. An miƙo maka ne don ka mayar, sai ka sa hannu biyu ka karɓa ka zuba a aljihu. Da ka ce mini shi da bakinsa ya faɗa, na san ka san abin da kake yi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

5. Abin da ya hana ni haƙuri

Kowa ya san halin da Malam Habu yake ciki. Bayan hirar nan da 'yan watanni ya faɗi a wajen aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ya koya wa yaranmu jifa ba ya ɗaguwa. Magana ma sai ka kasa kunne sosai. Aiki ya ƙare, biza ta ƙare, an yanki tikiti.

Na je duba shi shekaranjiya a ɗakin da suke haya su shida. An riga an ɗaure masa 'yan kayansa, abokan aikinsa ne suka ɗaure. Ya ji labarin littafin, amma ba wanda ya nuna masa abin da ke ciki. Da ƙyar ya iya haɗa mini maganar: yana roƙon a taimaka masa da littafin guda biyu. Ɗaya na maiɗakinsa, ɗaya na 'ya'yansa. Ya ce sun sha yi masa ƙorafi cewa duk ranar hutu idan suka kira ba ya ɗauka sai rana ta take, yana so su ga inda yake zuwa.

Alhaji, 'ya'yan mutumin nan sun girma a Kano babu uba a gida, sai murya a waya. Safiyar hutunsa kaf namu 'ya'yan ya ba. Yanzu zai koma musu da sanda da rabin jiki, abin da zai nuna musu kawai littafin nan ne. Za su buɗe su ga hoton wani, su yi ta nema har shafin ƙarshe, su tarar da ubansu a cikin masu ɗaukar ruwa. Shi kuma ba shi da bakin da zai yi musu bayani, ko da yana da shi ma ba zai yi ba. Na ce masa inshallah za a kawo, na fito da sauri don kada ya ga fuskata. Na yi ƙarya a gaban marar lafiya, ni da aikina jinya.

Buƙatuna

Na farko, a dakatar da kai littafin wajen bugawa har a gyara shafin farko. Aikin yini ɗaya ne, Kamal ya ce mini zai iya idan ka ba da umarni. A sa cikakken sunan Malam Habu da hotonsa a matsayin wanda ya fara, a sa naka a matsayin wanda ya samo izini ya tsaya wa gasar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, kada a je a tambaye shi ko ya yarda. Zai ce a'a, zai ce a bar wa Alhaji, sai ku dawo ku ce mini shi da bakinsa ya faɗa. A tambayi iyayen yara bakwai ɗin nan. Biyar muna nan garin.

Na uku, a aika mota ta ɗauko shi ranar Asabar, a zaunar da shi a inuwa a gaba, ba a bayan kulolin ruwa ba.

Na huɗu kuma shi ne mafi sauƙi. Na ga allon farko, wancan na katako, a shagonka ranar da na zo, kuma na ji an ce za a sa shi a gilashi a kafa a wajen biki da sunanka a ƙasa. Kafin mai gilashi ya rufe shi, don Allah ka ɗauke shi ka juya bayansa. Ni na ga bayan tun ranar farko. Murfin akwatin da zai aika wa maiɗakinsa keken ɗinki ne ya yanka, keken ya tafi a kwali. Rubutun yana nan da baƙar tawadar alƙalamin maka, irin wanda yake yi a kan kowane kaya, har da naka da ya ɗaure shekara da shekaru: Abubakar Ɗanlami, Kano. Ka san hannun. Idan ka karanta ka ga har yanzu za ka iya sa sunanka a ƙasansa, to ni ba zan ƙara cewa komai ba, na bar ka da Allah.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da arziki mai albarka, ya raya maka Mubarak da ƙannensa, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ya ba Malam Habu sauƙi, ya kai shi gida lafiya, ya sa abin da ya yi wa 'ya'yanmu ya tarar da shi a mizani. Idan na yi kaushin harshe a yafe mini, zafin abin ne.

Alhamis jibi ce, Alhaji, kuma allon yana bayan kujerarka.

Wassalam.

Taku,
Hajara, Maman Sadiƙ
Al Karama, Dubai