Azurfar da aka huda wa ido

Sallama gare ku jama'ar wannan zaure, shugaba a ɓoye sunana. Don Allah shawararku nake nema, zuciyata ta ƙi kwanciya.

A wata ruga kusa da Burumburum na tashi. Cikin azurfofin da Innarmu take kitsa mana a ka akwai wata 'yar ƙarama kamar sisi, mai hoton wani mutum da gemu, an naɗa masa ganye a kai. Kakanmu ne ya zo da ita daga Hajjin ƙasa, ya sa maƙeri ya huda ta daidai idon mutumin, wai don kar a yi salla da hoto.

A shekarun tamanin, ina tallan nono a kasuwar Tudun Wada, wani malamin firamare ya tsai da ni, ya kanga gilashin ƙara girma a kitsona. Ya ce kuɗin sarakunan Rum ne tun kafin zuwan Musulunci, shi tara irinsu yake yi. Ya bi ni har gida ya nemi saya, Inna ta ce gado ne. Daga nan sai ya fara zuwa zance. Shi ne mijina yau, har da jikoki.

Ranar da za a kai ni gidansa, azurfar ta ɓace. Ƙanwata Hansai ce ta yi min kitso, sai aka ɗora mata. Ta rantse, ta yi kuka, ba wanda ya saurare ta, har da ni. Ta yi aure a Doguwa, ba ta taɓa taka gidana ba.

Kwanan baya ina sharar ɗakinsa gwangwanin tsofaffin kuɗinsa ya faɗi, sai ga mai gemun nan, ido a huje. Da na nuna masa, ko kai bai ɗaga ba ya ce a birni ya saya, irinta da yawa ne. Na ce, "Malam, su ma kakana ne ya huda musu ido?" Sai ya sa hularsa ya tafi masallaci.

Yanzu tunanina biyu ne. Ko Hansai ce ta sayar masa yake rufa mata asiri, ko kuma shi ya tsinke ta daga kaina, ya bar yarinya da sunan ɓarauniya duk tsawon shekarun nan. Wallahi na fara tsoron mutumin da nake dafa wa tuwo.

Azurfar tana ƙulle a bakin zanina. In hau mota in kai wa Hansai, ko in fara tsare shi ya faɗa min gaskiya, ni ya zo nema a rugarmu ko azurfar?