Kwamfutar da ta koyi tashi da kanta

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma na taho daga kantin maganin da nake aiki da azahar don in kunna wa Baba kallo. An ɗauke wuta da hantsi, an kawo, kwamfutar ta ƙi tashi. Awa uku yana zaune gaban baƙin talabijin. Hannun dama ya shanye, na hagun rawa yake, rimot sai ya faɗi. Tsohuwar kwamfutar Yaya ce na jona, na zuba masa tsoffin wasannin ƙwallo. Shi ke nan abin da ya rage masa.

Laraba, 5 ga Maris
Oga ya ce fitar ranar nan tawa ta ishe shi. Ko in tsaya kan kanta, ko ya nemo wata. Ban ga laifinsa ba, abin haushin ke nan.

Asabar, 8 ga Maris
Mai gyara ya nuna min a waya. A danna maɓalli tun tana farkawa, a shiga wani shuɗin allo, a ce mata duk sanda wuta ta dawo ta tashi. Na yi. Ta tashi kuwa, sai ta tsaya tana neman lambar sirri, kamar mai gadi. Wa zai buga mata? Na zauna a ƙasa na yi kuka, kan na'ura fa.

Lahadi, 9 ga Maris
Na cire lambar. Na sa manhajar kallon ta buɗe da kanta. Sau biyar ina zare wayar wuta ina mayarwa, sau biyar ƙwallo na fitowa. Yaya ya ce a waya na zama injiniya. Shi daga nesa komai sauƙi ne.

Talata, 11 ga Maris
Likita ya ce kada mu sa rai da hannun.

Juma'a, 14 ga Maris
Kwana biyar ban fita da rana ba. Oga har murmushi yake. Na dawo da yamma na tarar ƙwallo na ta yi, Baba ya juya fuska bango. Abincin da na ajiye bai taɓa ba. Na tambaya ko ta ƙi tashi ne. Da ƙyar maganar ta fito.
“Tana tashi, Auta. Ke ce ba kya zuwa.”
Na ce ai don ku na yi, Baba.

Litinin, 17 ga Maris
Kafin in fita na shiga shuɗin allon. Abu ɗaya na taɓa, ba wani abu ba: na hana ta tashi da kanta. Da azahar na ce wa oga ta sake lalacewa. Bai ko ɗago kai ba, ya ce ƙarshen wata ya kusa, zai sallame ni. Na sani.
Baba ya cinye abincinsa, ina riƙe masa cokali. Sai da na kai bakin titi na tuna ban kunna ta ba.